Yadda Ake Raba Gida da Sauron Rana a Legas

Mu mazauna Agege, Idi-Araba da Mile 12, da an ambaci sauro sai hankalinmu ya tafi kan kwata da maleriya. Alhali akwai wani sauron, Aedes, baƙi mai ratsin fari a ƙafafu, wanda ruwan da muka saya a kurar mai ruwa muka ajiye ya fi masa daɗi. Da rana yake cizo, musamman da safe da la'asar sakaliya, kuma shi ke yaɗa bairos ɗin denge, shawara, chikungunya da Zika. Gidan sauron dare kaɗai ba ya maganinsa.

Da farko ka ware rana ɗaya a mako, ko Asabar ce. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne, to kada ka bar shi ya cika kwanakin. Leƙa duro da tocila. In ka ga tsutsotsi suna wutsil-wutsil, a juye ruwan.

Juyewar ba ta isa ba, nan ne yawancinmu ke kuskure. Macen ba a tsakiyar ruwa take saka ƙwai ba, a jikin duron take manna su, sama kaɗan da inda ruwa ya tsaya, kuma suna iya yin watanni a bushe. Ka zuba sabon ruwa, su ƙyanƙyashe. Don haka a sa soso da sabulu a dirje bangon sosai, sannan a rufe da murfi mai kamawa. Faifai ko guntun kwali ba murfi ba ne.

Sai zagayen tsakar gida: gwangwani, tsohon bokiti, kaskon kaji, a kife su. Tayoyin mai faci na bakin layi kuwa, a lallaɓa shi ya huda su ko ya sa su ƙarƙashin rumfa tun kafin ruwan Yuni.

Cutar shawara tana da rigakafi, allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ana yi wa yara tun suna wata 9. Duba katin yaranka.

In zazzaɓi ya zo da ciwon gaɓoɓi da na bayan ido, gwajin maleriya kuma bai nuna komai ba, yana iya zama denge: a sha farasitamol da ruwa da yawa, a je asibiti. Kada mai kemis ya haɗa maka da asfirin ko ibuprofen, suna ƙara haɗarin zubar jini. In zazzaɓin ya sauka amma ga ciwon ciki mai tsanani, amai, ko jini a dasashi, a koma asibiti a daren.