Yadda ake yi wa tsohon jirgin ruwa na faibagilas faci

Da farko a fitar da jirgin daga ruwa, a wanke shi, a bari ya bushe sarai, domin ƙaron liƙi ba ya kama wuri mai laima. Sai a bi kewayen tsagewar ana ƙwanƙwasawa da ƙotar sukudireba. Inda aka ji sautin ya dushe, zaren faibagilas, wato zaren gilashin da aka haɗa da ƙaro aka yi jikin jirgin da shi, ya saki daga ciki.

A sa takunkumi da safar hannu, a goge wurin da samfefa mai kaushi har a kai ga lafiyayyen jiki, kuma a kwantar da bakin ramin ta yadda faɗinsa zai ninka kaurin jikin jirgin sau 12. Nan ne masu gaggawa ke ha'inci, shi ya sa facinsu ke ɓamɓarewa.

Bayan an share ƙurar da asiton (ruwan sinadari mai wanke maiƙo), a dama ƙaron liƙi na foliyesta da sinadarin daskarwa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, kaɗan-kaɗan, saboda zafi yana sa shi saurin daskarewa. A shimfiɗa ƙyallen faibagilas ɗaya bisa ɗaya, ana jiƙa kowanne ana matse kumfar iska. Idan ya sandare, a daidaita shi da samfefa mai laushi kafin a shafa fenti.