Wankin hoton shuɗi da hasken rana: sinadari, takarda da wuraren da aikin ke ɓaci

Sayanotaif, wato hoton da ake wankewa ya fito shuɗi, ba ya buƙatar ɗakin duhu ko na'urar ƙara wa hoto girma. Gishirin ƙarfe iri biyu, takarda, gilashi, rana da ruwa, su ne duk kayan aikin. Masanin kimiyyar Ingila John Herschel ne ya gano shi a 1842, a 1843 kuma masaniyar tsirrai Anna Atkins ta fara buga hotunan ciyayin teku da shi, daga baya injiniyoyi suka karɓe shi don kwafin zanen gini da na injina. Sauƙinsa ne ya sa masu koyon tsofaffin hanyoyin wankin hoto ke farawa da shi. Sai dai yawancin hotunan da ke fitowa a koɗe, ko shuɗin ya zube a cikin baho, sinadarin ba shi da laifi. Daga takarda ne ko daga ruwa, kuma a kan waɗannan biyun za mu fi tsayawa.

Haɗa ruwan shafawa

Kwalba biyu ake yi, kowace daban. A ta farko, narkar da giram 25 na ferik amoniyam sitiret a cikin ruwa mililita 70, idan ya narke ka cika ya kai mililita 100. Ka nemi koren, domin akwai mai ruwan ƙasa wanda bai kai shi jin haske ba. Garin yana shan danshin iska ya dunƙule, don haka a rufe shi da zarar an ɗiba. A kwalba ta biyu, narkar da giram 10 na fotasiyam ferisayanayid, jajayen ƙwayoyi ne masu ƙyalli, shi ma a cika shi mililita 100. A yi amfani da tataccen ruwa na tururi, wanda babu gishiri ko alli a cikinsa, ba ruwan famfo ba. Kwalaben su zama masu duhu, a bar su su kwana kafin a taɓa.

Muddin suna rabe, sukan yi watanni. Da an gauraya su rayuwarsu ta gajarce, saboda haka ka ɗebi daidai abin da za ka shafa a zaman nan, ɗaya bisa ɗaya, kowace kwalba da sirinjinta. Kwalbar farko takan yi fumfuna a sama bayan 'yan makonni. Wannan ba lalacewa ba ce, a tace da takardar tace kofi a ci gaba da aiki.

Abin da ke faruwa a kan takardar shi ne, hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, yana sauya ƙarfen da ke cikin sitiret ɗin, wanda ya sauya ɗin ya haɗu da ferisayanayid ya zama shuɗin Furushiya, launin da ruwa ba ya narkarwa. Inda haske bai taɓa ba, sinadarin yana nan yadda yake, ruwa ya tafi da shi ya bar farar takarda.

A sa safar hannu, kada a shaƙi garin. Ferisayanayid ba shi da guba mai tsanani yadda sunansa ke tsoratarwa, amma idan ya haɗu da asid mai ƙarfi, musamman da zafi, yana fitar da iskar sayanayid mai kisa. Kada a ajiye su wuri guda.

Takarda

Babban abokin gabar shuɗin Furushiya shi ne duk abin da ke dangin kanwa, toka da sabulu, wato alkalin. Shi kuwa yawancin takardun zane masu tsada, da gangan ake zuba musu alli, kalsiyam kabonet, don kada tsami ya cinye su a tsawon shekaru. Abin da ke kare zanen fenti shi ne yake kashe wannan hoton. Za ka ga takarda mai kauri, auduga zalla, an rubuta mata cewa ba ta da asid, ka shafa mata sinadari lafiyayye, hoto ya fito fari-fari, tsaki-tsaki, ga tabon rawaya da ya ƙi fita.

Gwajin mai sauƙi ne. Yanki ɗan sili, ka shafa, ka busar a cikin duhu, ka bar shi ya kwana a aljihun tebur. Idan da safe yana nan rawaya mai ratsin kore, takardar ta karɓa. Idan ya koma kore mai duhu, shuɗi ko ruwan toka ba tare da ya ga rana ba, akwai abin da ke faɗa da sinadarin a cikinta.

Mafita biyu ce. Ko dai a sayi takardar da aka yi musamman don irin wannan aikin, babu alli a ciki, kamar Arches Platine ko Hahnemühle Platinum Rag, ko kuma a cire allin da hannu. Ana jiƙa takardar a ruwan salfamik asid, giram 100 a lita ɗaya, kamar minti 20. Za ka ga ƙananan kumfa suna tashi daga jikinta, allin ne ke narkewa. Idan kumfar ta tsaya, a ɗauraye sosai na rabin sa'a, a shanya ta bushe ƙarau. Farin ruwan khal da aka sirka rabi da rabi da ruwa shi ma yana yi, sai dai ya fi jinkiri. Takardar da za ta jure wannan jiƙon da wankin da ke tafe, nauyinta ya kai giram 300 a murabba'in mita, ko kusa da haka. Siririya yagewa take yi a hannu.

Akwai kuma batun yadda takardar ke shan ruwa. Wadda aka daddale fuskarta da yawa ba ta barin sinadari ya shiga zarenta, sai ya bushe a sama. Hoton zai yi kyau a rana, da an tsoma shi a ruwa shuɗin ya tashi kamar hayaƙi ya bar takardar. Ɗigo ɗaya na Tween 20, wani sinadari mai taimaka wa ruwa ya ratsa takarda, da aka sirka, kashi 10 cikin 100, a cikin mililita biyar na ruwan shafawa yakan gyara wannan. Wadda kuma ke zuƙe ruwa da yawa, sinadarin nutsewa yake yi can ciki, hoton ya dushe, rawayar ta ƙi wankuwa. Wannan ba ta da magani mai sauƙi, canza ta ya fi.

Shafawa da busarwa

A yi aiki a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai rauni, irin mai jan haske, a rufe taga. Dogon ƙwai mai farin haske yana fitar da ɗan UV, a kashe shi. Takarda mai faɗin santimita 20 da tsawon 25 tana cin kimanin mililita 2. Zana iyakar hoton da fensir, zuba ruwan a tsakiya, ka baza da burushi mai laushi ko na soso, a kwance sannan a tsaye, da sauri kuma ba da dannawa ba. Burushin da ke da ƙarfe a wuyansa a guje shi, domin ƙarfen yana taɓa sinadarin ya bar ɗigon shuɗi. Ka daina shafawa da zarar ƙyallin ruwan ya fara dushewa, in ka wuce nan kana kankare fuskar takardar ne. Yawan sinadari ba ya ƙara duhun hoto. Inda ya taru ya kwanta, ƙwayoyi yake yi idan ya bushe, su kuma su zube a wanki su bar zane-zane.

A busar a cikin duhu, minti 30 zuwa sa'a ɗaya. In za a yi amfani da na'urar busar da gashi, a sa ta a iska mai sanyi. Takarda mai sauran danshi tana ɓata nagatif, wato ledar hoton da ake ɗorawa a kanta, har abada, kuma hoton ya fito dabbare-dabbare. Wadda aka shafa, a yi aiki da ita a ranar ko washegari.

Nagatif da shanyawa a rana

Fuska da fuska ake bugawa, don haka girman nagatif shi ne girman hoto. Mafi sauƙi, a ɗora ganye, gashin tsuntsu ko yadi mai huda-huda kai tsaye. Don hoto na sosai, a mayar da shi baƙi da fari a kwamfuta, a juya launinsa fari ya koma baƙi, a kuma juya shi hagu ya koma dama, sannan a buga a ledar firinta mai garai-garai irin Pictorico. Juyawar hagu da dama ana yin ta ne saboda ɓangaren tawada shi zai kwanta a kan sinadarin, in ba haka ba kaurin ledar ya shiga tsakani layuka su yi laushi. A bar tawadar ta bushe ta kwana. Wannan haɗin sinadarin na gargajiya ba ya ɗaukar tazara mai nisa tsakanin haske da duhu, shi ya sa nagatif mai tsananin baƙi ke ba da fuskoki farare fat babu komai a cikinsu. A sassauta shi.

Jera su haka: katako a ƙasa, siririn soso, takarda, nagatif, gilashi mai kaurin milimita 3 ko 4, a matse gefe huɗu da kilif. Duk inda nagatif bai lafe ba, wurin zai yi hazo. Gilashin taga na yau da kullum ya isa, amma irin na firam da aka yi don tare UV zai tare yawancin hasken da ake buƙata.

Lokacin shanyawa ba a ƙayyade shi da baki, gwadawa ake yi. A rana mai ƙarfi, tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, yakan faɗa tsakanin minti 5 da 20. Hadari, ƙura ko lokacin sanyi suna iya ninka shi. Shafa sili ɗaya, rufe shi da kwali, ka riƙa janye kwalin kaɗan-kaɗan kowane minti 2, ka wanke, ka busar, sannan ka zaɓa. Mai son sakamako iri ɗaya kullum sai ya haɗa akwatin fitilun UV masu tsawon zango nanomita 365 zuwa 395, ya kuma kare idanunsa.

A ido, takardar takan tashi daga rawaya zuwa kore, zuwa shuɗi, sannan wuraren da suka fi shan haske su koɗe su koma ruwan toka mai ƙyallin tagulla. A nan masu koyo ke firgita su cire da wuri. Wannan koɗewar ita ake nema, shuɗin zai dawo. Hoton da ya yi daidai a ido kafin wanki bai nuna ba, domin ruwa zai tafi da kaso mai yawa na wuraren haske.

Wanki

Ruwan famfo mai alli yana yi wa hoto irin ɓarnar da takarda mai alli ke yi. Saboda haka bahon farko a ɗan tsamama shi: giram 5 zuwa 10 na sitirik asid a lita, ko ɗan farin khal. Kifa hoton a ciki, ka riƙa girgiza bahon na minti ɗaya. Tsamin yana riƙe tsaka-tsakin launuka, amma in ya yi yawa shuɗin da ya narke sai ya koma ya rina farar takardar. Daga nan a koma ruwa zalla, ana canzawa, minti 5 zuwa 10, har rawayar ta fita. Ɗaga takardar ka duba ta a gaban haske, in akwai saura zai yi shuɗi daga baya ya dusar da farin. Wankin da ya zarce kuma cin shuɗin yake yi a hankali.

Hoton yana kai cikakken duhunsa bayan kamar sa'a 24, iska ce ke ƙarasa aikin. Mai gaggawa zai iya zuba murfi ɗaya na haidurojin feroksayid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 a lita ɗaya na ruwa, ya tsoma na daƙiƙa 30, nan take shuɗin ya yi zurfi. Abin yana da daɗin kallo, amma bai ƙara komai a kan abin da iska za ta yi ba. Amfaninsa na gaske a kan silin gwaji ne, inda ake son ganin sakamako yanzu.

Sauya launi, yadi da ajiya

Rashin jituwar shuɗin da alkalin ita ake amfani da ita wajen sauya masa launi. Bayan hoton ya kwana, a jiƙa shi, a tsoma a ruwan sodiyam kabonet, ƙaramin cokali ɗaya a lita. Zai koma shanshanbale, sannan ya fara koɗewa zuwa rawaya. A cire kafin ya kai inda ake so, don yana ci gaba da ci a hannu. A ɗauraye, a sa a ruwan tanik asid, giram 10 a lita, ko baƙin shayi mai kauri da ya huce, daga minti 15 zuwa sa'a ɗaya. Launin zai dawo ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi. Shayi yana rina farin takardar ma, ba makawa. Hoton da za a yi wa haka a ƙara masa lokaci a rana tun farko.

A kan yadi, auduga da siliki ke karɓa, na roba ba ya riƙewa. A wanke sitacin kamfani tukuna, bayan an buga kuma kada garin sabulu ya taɓa shi. Wajen sa hoto a firam, kwalin da ke kewaye da shi ya zama marar alli. Idan hasken ɗaki ya koɗar da shi, a ajiye shi 'yan kwanaki a duhu inda iska ke shiga, yawancin shuɗin yakan dawo.

Wanda hannunsa ya faɗa da wannan, mataki na gaba shi ne Van Dyke, wata hanyar wankin hoto mai ba da launin ruwan ƙasa mai duhu. Ruwa uku ake haɗawa, kowane a mililita 33 na tataccen ruwa: giram 9 na koren sitiret ɗin nan, giram 1.5 na tatarik asid, da giram 3.8 na naitiret ɗin azurfa. A gauraya na farko da na biyu, sannan a zuba na azurfa a hankali ana juyawa, a bar shi kwana biyu a kwalba mai duhu. Ruwan famfo a nan ba ya yiwuwa sam, gishirin cikinsa yana haɗuwa da azurfar ya yi farin laka. Yana son nagatif mai ƙarfi fiye da na sayanotaif. Bayan wankin farko na minti 5 a ruwa mai ɗan tsami, sai a tsoma a sodiyam tayosalfet, giram 30 a lita, na kimanin minti 2 kacal, in ya daɗe hoton koɗewa yake yi, sannan a ɗauraye na rabin sa'a. Naitiret ɗin azurfa yana baƙanta fata na kwanaki, yana kuma iya makantar da ido, don haka tabarau dole ne. Burushi da bahon da suka taɓa shuɗi kada su kusanci wannan aikin, a ware masa nasa.