Maganin Tayirod da Jinin Al'ada: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Za a Gyara Su

Macen da halittar tayirod ɗinta, wadda ke gaban wuya, ta gaza, ko aka cire mata ita saboda maƙoƙo, akan ɗora ta kan ƙwayar tayiroksin, madadin sinadarin da tayirod ke samar wa jiki. A jikin kwali za ki ga an rubuta levothyroxine, wasu kuma sun fi saninta da Euthyrox ko Eltroxin. Masu shanta da yawa suna lura jikinsu ba ɗaya yake ba a tsawon wata: ana saura mako guda al'ada ta zo sai kasala ta dawo, ciki ya kumbura, rai ya riƙa ɓaci. Abin da suke ji gaskiya ne, amma matakin da ake ɗauka a kansa shi ke jawo ɓarna.

Babban kuskure shi ne ƙara ko rage ƙwaya gwargwadon ranakun wata. Wata ta ƙara rabi idan al'ada ta kusa, wata ta ajiye maganin har sai ta yi wanka. Tayiroksin yana daɗewa a jiki. Sai an yi kusan kwana 7 kafin rabin abin da aka sha ya fita, kuma sai an yi wajen mako 6 ana shan adadi ɗaya kafin ya daidaita a jini. Kamar randa ce cike da ruwa, moɗa ɗaya ba ta sauya komai a yau, amma idan aka yi ta ƙarawa sai ta tumbatsa. Rabin ƙwayar da kika ƙara ba zai cire kasalar gobe ba. Idan ya zama ɗabi'a, yana kawo faɗuwar gaba, rawar hannu, rashin barci, kuma da daɗewa ya rage ƙarfin ƙashi ya rikita bugun zuciya. Hawa da saukar sinadaran mace a cikin wata ba su kai su sauya adadin da jikinki ke buƙata ba. Adadi ɗaya ake sha kowace rana, da jini ko babu.

Gyaran yana cikin biro da takarda. Ki rubuta ranar da jini ya fara a matsayin rana ta 1, sannan kowane dare ki ba kasala, jin sanyi, barci da yanayin rai maki daga 0 zuwa 3, har wata 2 ko 3. Alamar da ke tasowa bayan tsakiyar wata ta lafa cikin kwanakin farko na jini, ta al'ada ce. Wadda ta zauna duk wata, tare da bushewar fata, cushewar ciki da zubewar gashi, ita ce ke nuna a duba tayirod. Bayan fitar ƙwai zafin jiki yakan ɗan hau da kusan digiri 0.3 zuwa 0.5, bugun zuciya ma ya ɗan ƙaru. Wannan kaɗai ba ya nufin magani ya yi yawa.

Sai batun maganin ƙarin jini, wanda a ganinmu ya fi kowane kuskure cutar da mata. Ƙarancin tayiroksin yana sa jinin al'ada ya yi yawa ya kuma daɗe. Jinin jiki ya ragu, a je kemis a sayo ƙwayar ƙarin jini ko na ruwa, a riƙa haɗiye su da safe tare da tayiroksin don kada a manta. Sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin jini yana manne wa tayiroksin a hanji ya hana shi shiga jiki. Daga nan tayirod ya ƙara yin ƙasa, jinin wata mai zuwa ya fi na baya, a ƙara maganin jini. Ana iya shekara a wannan zagaye, likita yana ta ƙara adadin ƙwaya bai san abin da ake haɗawa da ita ba. A raba su da aƙalla awa 4: tayiroksin da asuba, maganin jini bayan la'asar ko da dare. Haka ƙwayar kalsiyam, da ƙwayoyin bitamin masu haɗe-haɗe, da farin maganin ƙwannafi na ruwa. Wannan na ƙarshe yana yawan shigowa a kwanakin al'ada, domin ibuprofen da ake sha saboda ciwon mara yana tayar da ƙwannafi. Maganin ciwon marar kansa, paracetamol ko ibuprofen, ba ya hana tayiroksin aiki.

Kada kuma a ɗauki yawan jini a matsayin "haka jikina yake". Idan kina sauya auduga duk awa 1 ko 2, ko jini ya wuce kwana 7, ko gudaji manya suna fita, a gwada TSH (gwajin jinin da ke nuna ko tayiroksin ya ishi jiki) tare da PCV (ma'aunin yawan jini) da feritin, wato ma'aunin ƙarfen da jiki ya ajiye. PCV yana iya fitowa daidai alhali ajiyar ta ƙare, kuma ƙarancinta yana kawo kasala da zubewar gashi iri ɗaya da na tayirod. Idan TSH yana daidai amma jinin bai ragu ba, sai a yi hoton mara, domin ƙarin mahaifa ma yana kawo hakan. Akasin haka, jinin da ya koma ɗis-ɗis ko yake tsallake watanni tare da rama da yawan gumi yana iya nuna magani ya yi yawa.

Abin kari ma yana da nasa. Ana shan ƙwayar da ruwa zalla, ciki ba komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin a ci abinci. Shayi mai madara, kofi, nono, da kayan waken suya irin su awara duk suna rage abin da hanji zai tsotsa. Wadda safiya ba ta yi mata ba tana iya mayar da shi dare, awa 3 bayan cin abinci na ƙarshe, muddin za ta tsaya a kan haka. A watan azumi, ko dai kafin sahur da rabin awa zuwa awa ɗaya, ko lokacin kwanciya. Idan al'ada ta zo a tsakiyar Ramadan kika ajiye azumi, ki bar lokacin shan maganin inda yake. Mayar da shi safe na kwana shida sannan a sake dawowa shi ke kawo mantuwa. Ranar da aka manta, a sha da zarar an tuna a wannan yinin.

Wajen gwaji, ba sai an jira wata rana ta musamman a cikin wata ba. Abin da ke ɓata sakamako shi ne gaggawa: gwada TSH mako 2 bayan sauya adadi, alhali sai mako 6 zuwa 8. A je da safe, a riƙe ƙwayar ranar sai an ɗibi jini, domin tana ɗaga ma'aunin T4, wato tayiroksin da ke cikin jini, na 'yan awanni. Mai shan biyotin, wani nau'in bitamin, don gashi ko farce ta dakata aƙalla kwana 2 kafin gwaji, saboda yana sa sakamako ya nuna kamar magani ya yi yawa, a rage mata ba bisa ƙa'ida ba.

Ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da istirojin, ɗaya daga sinadaran mace, tana ƙara furotin da ke ɗaure tayiroksin a jini, don haka wanda ke aiki yakan ragu. Wadda ta fara ta, ko ta daina, ta gwada TSH bayan mako 6 zuwa 8. Ki gaya wa ma'aikaciyar tsarin iyali kina kan maganin tayirod tun kafin ta zaɓa miki.

Ɓatan wata kuma ba a yi masa sakaci. Mace mai ciwon tayirod ta saba da rikicewar al'ada, sai ta ce ai ciwon ne, ta yi wata biyu ba ta gwada ciki ba. Wata kuwa da ta ga tana da juna biyu sai ta watsar da ƙwayar don tsoron kada ta taɓa jariri. Duka biyun haɗari ne. A watanni ukun farko ɗan tayi ba shi da tayiroksin sai na uwarsa, da shi ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa, kuma ƙarancinsa yana ƙara haɗarin ɓari. Buƙatar uwa tana hawa da kashi 25 zuwa 50 cikin 100, tun daga makonnin farko. Al'ada ta makara da mako guda, a gwada fitsari. Idan ciki ne, a ga likita cikin kwanakin nan, ba sai ranar fara awo ba. Abin da aka saba yi shi ne ƙara ƙwaya 2 a mako, wato 9 maimakon 7, sannan a gwada TSH duk mako 4 har tsakiyar ciki. Mai neman haihuwa ta tsara wannan da likitanta tun kafin ciki ya shiga, a kuma saukar da TSH ɗinta ƙasa da 2.5. Maganin jinin da za a ba ta a wurin awo shi ma a raba shi da awa 4.

Bayan haihuwa akan koma adadin da ake sha kafin ciki, a gwada a mako na 6. Mai jego tana shan tayiroksin tana shayarwa ba tare da wata illa ga jariri ba. A bar ƙwayoyin cikin ledarsu ta asali, nesa da taga, kicin da banɗaki, domin zafin bazara da danshin damina suna rage musu ƙarfi.