Yadda ake amfani da hoton MRI wajen gano ƙaramar sankarar hanta ga mai taurin hanta

Mai fama da taurin hanta, wato sirosis, ana so a riƙa yi masa sikanin ɗin ciki duk wata 6, domin sankara ta fi tsirowa a hantar da ta cika da tabo. Idan aka ga ƙari, wato kullutu, da bai kai santimita 1 ba, akan jira a sake dubawa bayan wata 3 zuwa 6. Da zarar ya kai santimita 1, sai a nemi hoton MRI.

Kafin a shigar da majiyyaci cikin na'ura, akan auna aikin ƙodarsa saboda gadoliniyum, sinadarin da ke ƙara fito da hoto, wanda za a yi masa allurarsa ta jijiya, kuma wajibi ne a tambaye shi ko akwai ƙarfe ko na'urar daidaita bugun zuciya a jikinsa. A koya masa riƙe numfashi na daƙiƙa 15 zuwa 20 tun yana waje, don motsi kaɗan ya isa ya ɓoye ƙarin da bai fi ƙwayar wake girma ba.

Muhimmin aikin yana ga lokacin ɗaukar hoton. Hanta tana samun kusan kashi 75 cikin 100 na jininta daga jijiyar da ke tasowa daga hanji, ita kuwa sankarar daga jijiyar da ke kawo jini daga zuciya take sha. Saboda haka a hoton da aka ɗauka kimanin daƙiƙa 35 bayan allura, ƙarin zai fi sauran hantar haske, sannan a hotunan da ke biyo baya, na bayan minti 1 da na minti 3 zuwa 5, sai ya dushe ya fi kewayensa duhu. Idan waɗannan alamu biyu suka haɗu a ƙarin da ya kai santimita 1, tsarin LI-RADS na ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka yana sanya shi a rukunin LR-5, wanda ake ɗauka sankara ce ba tare da an tsinko naman hanta ba. Wannan hukunci na masu taurin hanta ne da makamantansu da ke cikin babban haɗari, ba a yanke shi ga mai lafiyayyar hanta.

Akwai wani nau'in sinadarin, gadozetet, wanda ƙwayoyin hanta masu lafiya ke zuƙewa, ta yadda bayan minti 20 yawancin ƙarin sankara kan fito baƙi. Yana taimakawa ƙwarai wajen hango ƙanana, amma a ganina kuskure ne a dogara da wannan duhun kaɗai, tunda wasu kullutu da ba sankara ba su ma haka suke fitowa.

Ƙarin da ya ƙi bayyana kansa, likitoci kan zauna su zaɓa tsakanin hoton CT, da tsinko nama da allura, da sake hoto bayan 'yan watanni. Idan aka tarar ya ƙaru da rabin girmansa cikin wata 6, wannan ma babbar alamar sankara ce.