Idan bishiyar maƙwabci ta faɗa kan wayar wutar lantarki

A farkon damina, tsakanin Mayu da Yuni, iskar da ke zuwa gaban ruwa ce ke kayar da bishiyoyi a unguwanninmu, musamman tsofaffin darbejiya waɗanda aka sare musu saiwoyi wajen haƙa kwata ko harsashin katanga. Sau da yawa gindin bishiyar yana cikin gidan maƙwabci, amma rassanta sukan sauka a kan wayar da ta ratsa layin gaba ɗaya, kuma kafin ruwa ya tsagaita matasa sun fito da adda da gatari domin su taimaka. Niyyarsu mai kyau ce, sai dai abu na farko da ya wajaba a kanka shi ne ka dakatar da su.

Hujjar da za su kawo maka ita ce ai an ɗauke wuta tun da hadari ya haɗo. Kada ka karɓi wannan magana ko daga bakin wa ta fito. Wanda ya ɗauke wutar yana can tashar rarrabawa, bai san bishiya ta faɗi a layinku ba, kuma yana iya dawo da ita a kowane lokaci, alhali wani yana kan reshe. Bayan haka, idan akwai gidan da ya tayar da janareta ko na'urar sola ba tare da ya raba kansa da layin kamfani ba, wutarsa tana iya komawa ta bi wayar waje. Ɗanyen itace da ruwa ya jiƙa yana ɗaukar wuta, kuma wuta mai ƙarfin bolt 230 da ke shiga gidajenmu ta isa ta kashe babban mutum, balle babban layin da ke saman wasu falwayoyi, mai ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, wanda wutarsa ke iya tsallakowa ta kama mutum tun bai taɓa wayar ba. Wayar da ke kwance shiru, babu tartsatsi babu ƙara, ita ma a ɗauke ta a matsayin mai wuta.

Ka mayar da kowa baya aƙalla mita 10 daga bishiyar da wayar da duk abin da suka taɓa. A nan ne mutane suka fi yin sakaci, domin idonsu yana kan wayar, sun manta da rufin kwanon da reshe ya danne ta a kansa, da ƙofar ƙarfe, da igiyar shanya ta waya, da ruwan da ya kwanta a ƙofar gida. A aika wa mutanen gidan da abin ya shafa ta wayar salula cewa kada su taɓa bango mai laima ko famfo, a shigar da yara ɗaki mai nisa, a ɗaure dabbobi. A sa manya biyu su tsaya a bakin layin ta kowane ɓangare da tocila, saboda masu babur da almajirai da masu dawowa daga masallaci cikin duhu. Wanda ya tsinci kansa dab da wayar da ta faɗi, ya haɗa ƙafafunsa ya riƙa jan su a ƙasa kaɗan-kaɗan har ya fita, domin wutar tana bazuwa cikin ƙasa tana raguwa da nisa, kuma dogon taku yana sa ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar. Idan mota ce wayar ta faɗa wa, na ciki ya zauna har a kashe layin, sai fa idan gobara ta tashi, to ya yi tsalle da ƙafa biyu ba tare da ya taɓa motar da ƙasa a lokaci guda ba.

Daga nan sai a kira kamfanin rarraba wuta: KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa, Kaduna Electric a Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kabi, NIGELEC ga mutanen Nijar. Lambar tana jikin takardar kuɗin wuta, kuma ya fi kyau wani ya hau babur ya je ofishin yankinku da kansa. A faɗi sunan unguwa da layi da taransifomar da ke ba ku wuta, a kuma faɗa ƙarara cewa waya tana ƙasa a inda mutane ke bi. Idan akwai gobara ko wanda wuta ta kama, a kira 112 da hukumar kashe gobara, kuma kada kowa ya kai hannu ga wanda ke manne da wayar, komai kusancinsa da shi. Kada a bar mai gyaran wuta na unguwa ya je ya zare fiyus a taransifoma, domin hakan ba ya kashe babban layi. Sai ma'aikatan kamfanin sun kashe, sun gwada, sun ce a taɓa, sannan masu sara su fara, su ma su kula da reshen da waya ta ɗaure, domin yana iya fizgewa idan aka yanke shi.

Maganar kuɗi takan biyo baya, kuma ita ce ke ɓata zumunci. Ka ɗauki hotuna daga nesa kafin a taɓa komai. Gyaran falwaya da wayar kan titi nauyin kamfani ne bisa ƙa'idar NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, wadda ke da ofisoshin sauraron ƙorafi idan aka yi jinkiri. Kuɗin sara da gyaran katanga ko rufi kuwa tsakaninka ne da maƙwabcinka, kuma a ganina akwai bambanci tsakanin lafiyayyar bishiyar da iska ta tumɓuke da wadda aka daɗe ana gaya masa cewa cikinta ya ruɓe. Ka fara da yi masa jaje, ka bar lissafi sai gobe, idan kuma kun kasa daidaitawa ku je gaban mai unguwa da hotunan. A wannan zaman a duba sauran bishiyoyin layin, a rubuta wa kamfanin takarda ya sa ranar da zai kashe wuta domin a rage rassan da suka kusanci waya.