Sauraren jiki bayan firgici: kurakuran da masu farawa ke ta maimaitawa

Bahaushe ya ce jiki magayi. Abin da ake kira sauraren jiki bai wuce wannan ba: mutum ya koyi lura da bugun zuciyarsa, da numfashinsa, da ɗaurewar kafaɗa da muƙamuƙi, da juyin ciki, har ya riƙa gane saƙon tun kafin abin ya fi ƙarfinsa. Ga wanda ya tsira daga hatsari a hanyar Kaduna, ko ya fito daga hannun masu garkuwa, ko wadda ta sha duka a gidan aure, wannan lura tana da amfani ƙwarai. Sai dai tun da bidiyoyinta suka cika Facebook da TikTok, kuskure iri ɗaya ake ta yi daga Samaru har cikin birnin Zariya, kuma na gaji da ganin mutum ya fara don neman sauƙi ya ƙare da kwana uku ba barci.

Babban kuskuren shi ne faɗawa tsakiyar ciwon tun ranar farko. Mutum ya kulle ɗaki, ya kwanta rigingine, ya rufe ido, ya kai hankalinsa kan nauyin nan da ke danne masa ƙirji, wai sai ya ga ƙarshensa. To ga abin da ke faruwa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira amigdala, aikinsa gadi. Da ya hango haɗari sai ya tashi jiki don faɗa, ko gudu, ko kuma mutum ya sandare. Bayan mummunan firgici mai gadin nan yakan zama mai busa usur ko kyanwa ce ta gifta. Idan ka rufe ido, ka raba shi da abin da zai tabbatar masa cewa kana ɗakinka lafiya. Idan kuma ka ƙura wa ƙirjin hankali, zuciya ta ƙara gudu, ka ji gudun, ka ƙara tsorata, ita ma ta ƙara. Cikin minti biyar ka koma ranar da abin ya faru, kai kaɗai, ƙofa a kulle.

Ba a shan kunu mai zafi daga tsakiyar kwano, daga gefe ake kurɓa. Ni yadda nake sa a yi: a zauna kan tabarma, baya jingine da bango, ido a buɗe, da rana. A fara da wurin da babu rigima a jiki, tafin ƙafa ko tafin hannu, a ji sanyin daɓe ko kaushin tabarma har minti 2. Sannan a leƙa gefen wurin da ke da nauyi, numfashi 3 kawai, a komo kan ƙafa. A sake leƙawa, a sake komowa. Peter Levine, Ba'amurken da ya tsara ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin wannan aiki, a kan wannan ya gina ta: kaɗan-kaɗan, a je a dawo. Ka auna damuwarka daga 0 zuwa 10, in ta haura 6 ka tsaya, ba jarumta ake gwadawa ba. Minti 5 a rana ya isa a mako biyun farko.

Akwai wani tarko a nan da mutane ke ɗauka nasara ce. Sai ka ji an ce, "Na ji shiru, kamar ba na cikin jikina, ɗakin ya yi nisa." Wannan ba natsuwa ba ce, ƙwaƙwalwa ce ta kashe fitila saboda abin ya yi mata yawa. Natsuwar gaske tana zuwa da hamma, ko ajiyar zuciya, ko ɗumi a hannu, ko kukan ciki, kuma kana sane da inda kake. In ka ji kana nisa, miƙe tsaye, buga ƙafa a ƙasa, ambaci abu 5 da kake gani da babbar murya, 4 da kake taɓawa, 3 da kake ji a kunne, ka wanke fuska da ruwan randa. Ruwan sanyi a fuska yana rage gudun zuciya, wanda ya saba alwalar asuba da hunturu ya san yadda yake dawo da mutum hayyacinsa.

Numfashi ma ana ɓata shi. "Ja dogon numfashi" ne shawarar kowa, sai mutum ya yi ta zuƙar iska da baki, ƙirji na ɗagawa. Yin haka da sauri yana zubar da iskar kabon da jini ke buƙatar ya riƙe daidai gwargwado, sai jiri ya zo, a ji kamar kiyashi na tafiya a yatsu da gefen leɓe, mutum ya ce shanyewar jiki ce ko iskoki. Sirrin yana wajen fitarwa. Shaƙa ta hanci kana ƙirga 4, fitar kana ƙirga 6 da leɓe a tsuke kamar mai hura shayi. Baligi a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, wannan ƙirga tana saukar da shi zuwa wajen 6, kuma a lokacin fitarwa ne jijiyar nan mai suna begus, wadda ta sauko daga gindin ƙwaƙwalwa ta wuya zuwa zuciya da huhu da hanji, take taka wa zuciya birki. Wanda aka taɓa shaƙewa ko toshe wa baki, ƙirga numfashi kan tayar masa da hankali. Ya bar shi, ya tsaya kan ƙafa da hannu.

Wani kuskuren da ke ƙona mini rai shi ne "jikina ya ba ni". Gaskiya ne jiki yakan tsinci abu kafin tunani ya kai, kuma sauraren jiki yana kaifafa wannan. Amma jikin da ya firgita ma'auninsa ya karkace, kuma ba kowace faɗuwar gaba ce ishara ba. Uwa ta hana ɗanta tafiya karatu harabar jami'a da ke Kongo a Zariya don gabanta ya faɗi da safe. Magidanci ya sauka daga mota a Kwangila, ya yi asarar kuɗin mota da cinikin ranar, don ƙirjinsa ya ɗaure, alhali warin fetur ne ya tuna masa da hatsarin bara. Gobe ma haka, jibi ma haka, har duniyarsa ta koma tsakanin ɗaki da masallaci. Haba Malam! Wannan ba basira ba ce, tsohon tsoro ne ya sa rigar malanta.

Bambancin da na dogara da shi: tsoro yana da hayaniya da gaggawa, labarinsa ɗaya ne kullum, kuma in ka bincika za ka samu abin da ya kunna shi, ƙarar babur a bayanka, ko ƙofa da aka buga, ko lambar da ba ka sani ba a waya. Abin da jiki ya ba ka da gaske ba shi da ihu, yana nuna abu takamaimai, kuma yana nan bayan zuciya ta lafa. Saboda haka sai an kwantar da jiki tukuna a tambaye shi. Sayi ƙaramin littafi, ka rubuta kwanan wata, abin da ka ji, a wane sashe na jiki, abin da ka zaci zai faru, da abin da ya faru. Ƙara da abin da ka ci: goro nawa, shayi kofi nawa, barcin awa nawa, don goro da ganyen shayi suna sa bugun zuciya. Bayan kwana 30 ka karanta, za ka ga wanne ne ke faɗa maka gaskiya. Saki, barin aiki, yanke zumunci, kada a yanke ko ɗaya zuciya na dukan uku-uku. A kwana a kai, a yi istihara, a yi shawara. Wannan duk a zaman lafiya ne. In kana kan hanya da dare ka ga abin da bai kwanta maka ba, bar wurin, bincike ya biyo baya.

'Yan uwa kuma, ku ji naku. Mace ta dawo daga daji jiya, yau falo ya cika da 'yan jaje, kowa ya zauna sai ya ce, "Sannu Hajiya, yaya abin ya faru?" Ta ba da labarin sau ashirin kafin la'asar, hannunta na rawa a kan carbi, a ce mata ta daure ta yi tawakkali. Rawar jiki ba raunin imani ba ce. A wakilta yayanta ko ƙaninta ya riƙa ba da labari a zaure, ita a bar ta ta amsa gaisuwa kawai.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Kada a yi wannan aiki a kan gado da dare, lokacin ne tunani ya fi yawa. Kada a matsa wa kai sai an yi kuka ko karkarwa, in sun zo a bar su, in ba su zo ba babu laifi. Kada ka dafa mai firgici ta baya, ko da lallashi kake nufi, tambaye shi tukuna. Kada a ajiye maganin likita don an ji sauƙi mako guda.

Kuma ba kowane bugun zuciya ne na firgici ba. Ƙarancin jini, hawan jini da ciwon maƙoƙo duk suna kawo shi, a je a auna. Ciwon ƙirji mai sauka hannun hagu ko muƙamuƙi da gumi, wannan na asibiti ne nan take, ba na tabarma ba. In mugun mafarki, da ganin abin yana dawowa ido biyu, da gudun duk abin da ke tuna shi sun wuce wata guda, a nemi likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Wanda ya fara tunanin halaka kansa ba a jiran wata, ranar za a kai shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai kafin a isa.