Robar wankin ƙoda a wuya: kurakuran da ke kai ƙwayar cuta cikin jini

Mai zuwa wankin ƙoda a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi daga Aboabo ko Asawase, in har roba ce a wuyansa, ya sani bakinta na ciki yana dab da zuciya. Duk abin da ya bi ta cikinta, jini ya nufa kai tsaye.

Shi ya sa bayan kowane wanki nas take cika bututu biyun da ke jikin robar da ruwan magani ta toshe. Galibi heparin ne ko citrate, don kada jini ya daskare. Wanda ƙwayar cuta ta sha shiga jininsa, likita kan haɗa masa da maganin kashe ta irin gentamicin. Kuskure ne a ɗauki wannan kamar laya. Cikin bututu kaɗai yake tsarewa, ba ya isa fatar da robar ta huda, inda ƙwayar Staphylococcus aureus take zama. Ba kowa ake sa wa ba, don in an yawaita ƙwayoyin kan daina jin magani, gentamicin kuma yana iya taɓa jin kunne.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne na zazzaɓi. Mutum ya dawo daga wanki yana rawar sanyi, haƙora na haɗuwa, sai Hajiya ta ce cizon sauro ne, a aiki yaro kemis. Kwana biyu ana shan maganin maleriya, ƙwayar na yaɗuwa. Mai roba a wuya, duk zazzaɓi ya koma asibiti a ranar, a ɗebi jininsa a gwada kafin a fara magani.

Sai wanka. Kada a sheƙa ruwa daga ka, a yi amfani da tsumma, a kauce wa bandejin. In ya jiƙe ko ya ɓalle, nas ce za ta canza. Ban da man kaɗanya, ban da buɗe murfin bututun a gida, kuma kada wani ƙaramin asibiti ya sa ƙarin ruwa ta wurin.

Ma'aikata ma su kula: tsohon maganin da ke cikin bututun zuƙe shi ake yi a zubar, ba a tura shi jiki, sabon kuma daidai ma'aunin da ke rubuce a jikin bututun. A goge bakin bututun sosai da maganin kashe ƙwayar cuta na chlorhexidine, nas da majiyyaci duk da takunkumi.

Wanda wankinsa zai daɗe, ya tambayi likita batun fistula a hannu, wato tiyatar haɗa jijiyoyin jini biyu don a riƙa wanki ta nan maimakon roba, tun da wuri, don takan ɗauki makonni kafin ta nuna.